Keken Ɗinki A Ɗaka Da Tsadar Yadi A Kasuwa

Duk magidancin da ya shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, da niyyar yi wa iyalinsa kayan Salla a 'yan shekarun nan, ya san yadda albashin wata guda yake narkewa tun kafin a zo kan ƙaramin yaro. Ya biya kuɗin atamfa da na shadda, sa'an nan ya nufi wurin tela, inda wani sabon lissafi yake jiransa. Tela kuwa ba a ga laifinsa ba, domin zare ya tashi, shafi ya tashi, man janareto da kuɗin hayar shago duk sun tashi. Saboda haka a gidaje da dama an soma jawo tsohon keken ɗinki daga bayan gado, ana kakkaɓe masa ƙura, ana ɗiga masa mai. Matan ma'aikata da 'yan makaranta masu zaman hutu sun shiga koyon yanka da kalmasa, abin da iyayensu mata suka iya tun suna 'yan mata.

Wannan yunƙuri abin yabo ne, amma ya kamata a auna shi da mudun gaskiya. Kuɗin kowace riga kashi biyu ne, watau kuɗin yadi da kuɗin ɗinki. Keken da ke ɗaka yana iya rage na biyun, har ma ya ɗauke shi ɗungum a kan wasu tufafin. Na farkon kuwa ba a gidan kowa ake yanke shi ba, kuma ba a Kantin Kwari ba. Da dala ake yanke shi, a ƙasashen da suke saƙa abin da muke ɗaurawa. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai ɗora wa keke nauyin da ba nasa ba ne, in bai ga sauƙin da ya zata ba sai ya yi fushi ya mai da shi bayan gado.

Abin da ya ɗaga kuɗin yadi

Mafi yawan atamfa da leshi da yadin maza da ake sayarwa a kasuwanninmu daga waje ake shigo da su, galibi daga ƙasar Sin da Indiya. Masu tsadar kuwa daga Turai suke, kamar atamfar Vlisco ta Holan da shaddar Getzner ta Ostiriya. Ɗan kasuwa da dala yake saye, da naira yake sayarwa. A watan Maris na 2019 Babban Bankin Nijeriya ya sa yadi cikin jerin kayan da ba za a ba masu shigo da su kuɗin musaya a farashin hukuma ba, don haka 'yan Kwari suka koma neman dala a kasuwar bayan fage. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a wannan kasuwa, a hukumance kuwa wajen naira 460. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, zuwa ƙarshen 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ko da yake bankin ya ɗage wancan hani a watan Oktoba na 2023, sauƙin da aka yi tsammani sai faɗuwar naira ta cinye shi. Daɗin daɗawa, janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin dakon kowace dila daga bakin teku zuwa Arewa.

Sai kuma a dubi aljihun mai saye. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka zartar a 2019 ya kai sama da dala 80 a lokacin. Na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai cika dala 50 ba a canjin ƙarshen shekarar. Watau an ninka wa ma'aikaci albashi fiye da sau biyu a takarda, amma yawan yadin da albashin zai iya saye ya ragu. Wannan shi ne asalin kukan da ake ji a ofisoshi, ba rowar 'yan kasuwa kaɗai ba kamar yadda wasu ke zato.

Yadda muka koma masu saye

Abin takaici shi ne ƙasar da take wannan kuka ƙasa ce da aka san ta da tufafi tun kafin zuwan Bature. Sa'ad da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda ake kai kayan Kano har Tambutu da Gat da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura shaida ne har gobe. A wancan zamani mace takan gurza auduga ta kaɗa zare a ɗaka, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, maɗinki ya haɗa ƙwarya da ƙwarya da allura. Kowane mataki a cikin gari ake yinsa, kuɗin kuma a cikin gari suke tsayawa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta so ta ɗora wannan gado a kan injin zamani. Masaƙar Kaduna da ake kira KTL ta soma aiki a Kakuri a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. A 1964 aka kafa UNTL da jarin 'yan kasuwar Honkon, Arewa Textiles da Nortex da sauransu kuma suka cika unguwar. A Kano ma masaƙu suka tsaya a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe ita take ciyar da su. Zuwa shekarun 1980 ana lissafin masaƙu kimanin 175 a ƙasar nan, masu ɗauke da ma'aikata wajen 250,000. In aka cire gwamnati, ba wata masana'anta da ta kai su ɗaukar ma'aikata.

Rushewar kuwa ba rana ɗaya ta zo ba. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sai sinadarin rini da kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi wuya. Manomi ya ga masara ta fi auduga riba, ya bar ta. A 1997, bayan Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka ɗage hanin shigo da yadi. Da aka sake maido da hanin a farkon shekarun 2000, sai kayan suka canja hanya: a sauke su a Kwatano ko Lome, a bi da su ta Jamhuriyar Nijar, su shigo ta Maraɗi da Jibiya ko ta Ƙwanni da Illela, ba haraji. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aikinta na Kaduna a 2007. Asusun naira biliyan 100 da aka ware wajen 2010 don farfaɗo da auduga da masaƙu bai ta da Kakuri ba, haka nan rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

A nan akwai wata gaskiya mai ɗaci wadda masu kukan masaƙu ba su cika son faɗa ba. Atamfar ƙasar Sin da ta kashe Kakuri ita ce ta suturta talaka shekara da shekaru. Ta sa matar leburan da a da sai Salla take ganin sabon zani ta sami na canjawa, ta sa aka iya haɗa lefe da anko ba tare da an sayar da gona ba. Mun ji daɗin arahar, ba mu tambayi abin da za mu biya nan gaba ba. Yanzu da naira ta faɗi, arahar ta tafi, masaƙun kuma babu su balle a koma musu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da keke zai iya yi

To, tun da ba mu da iko da farashin dala, ina amfanin keke? Amfaninsa yana wurare uku.

Na farko, tufafin yau da kullum. Yawancin abin da gida yake kai wa tela ba ya bukatar gwaninta: kalmasa bakin zani da ɗankwali, zanen gado da rigar matashin kai, labule, hijabin Islamiyya, wandon yara mai zariya, siket ɗin makaranta. Duk waɗannan miƙaƙƙen ɗinki ne, wanda mai koyo zai iya cikin 'yan makonni in ya dage. Magidanci mai 'ya'ya biyar, kowanne da kayan boko da na Islamiyya, ya zauna ya lissafa abin da yake biya a farkon kowace shekarar karatu, zai ga inda kuɗin keke zai fito.

Na biyu, gyara. A gidajen iyayenmu riga ba ta mutuwa da wuri. In ta yage a ɗinke, in wuya ya ci a juya shi, in ta yi wa wa kaɗan a rage wa ƙane, in ta tsufa ta zama zanen goyo ko tsumman jariri. Tun zamanin kuɗin Udoji a 1975 aka soma ganin faci abin kunya ne ga ma'aikaci, kuma arahar kayan waje ta ƙara binne wannan ɗabi'a. Rigar da aka ƙara wa shekara guda ta hanyar gyara, yadi ne da ba a saya ba.

Na uku, tattalin ƙyalle. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma ba kowane ɗinki ne yake cinye shi ba. Wadda take yanka da kanta ta san abin da ya saura, ta fitar wa 'yarta riga ko ɗankwali daga ciki. A shagon tela kuwa ragowar takan tafi cikin shara, ko ta tafi inda mai ita ba ta sani ba.

Mai shirin farawa ba ya bukatar kaya masu yawa. Keken ƙafa ko na hannu, irin Singer ko Butterfly, ya fi dacewa da halin da muke ciki, domin ba ruwansa da wuta, kuma kusan kowace kasuwa akwai mai gyaransa da kayan gyaransa. Tsoho mai lafiya ya fi sabo marar ƙwari, amma a tafi da tela ya gwada shi kafin a biya. Sai almakashi mai kaifi wanda ba za a yanka komai da shi ba sai yadi, da tef na awo, da alli, da dutsen guga, da allurai. Allura mai lamba 14 ta ishi atamfa da yawancin yadin maza, 16 ta mai kauri ce, 11 kuma ta mai laushi irin boyel. A soma koyo a kan tsohon zani ko zanen gadon gwanjo, kada a soma da sabuwar shadda. A jiƙa yadin auduga ya bushe kafin a yanka, domin yana ɗagewa a wankin farko. A auna sau biyu kafin a sa almakashi, a bar rabin inci ko fiye a kowane gefe saboda ɗinki, a bar wa yara ƙari a ƙasan riga saboda girma. Gaggawa ita ce babbar abokiyar gabar mai koyo, musamman in Salla ta matso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu teloli suna ganin wannan abu zai taɓa musu abinci. Ba mu ga alamar haka ba. Babbar riga da surfani da kayan amarya da ɗinkin zamani na mata ba za su bar shago ba, kuma a nan ne ribar tela take. Abin da zai koma ɗaka shi ne ƙananan ayyukan da dama su ne suke cika masa shago a jajibiri har ya saɓa alkawari.

Araha ba ta ado

Saura batun sayen yadi. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya sauke farashi ba, amma zai iya kauce wa asara, domin asara ta fi tsada ciwo. Bari mu buga misali da lissafi. A ce atamfa ta naira 10,000 ta koɗe bayan wanki 20, wata kuma ta naira 18,000 ta jure wanki 60. Ta farko kowane wanki ya ci naira 500, ta biyu kuwa naira 300. In aka haɗa da ɗinki sau uku a kan mai arahar, sai a ga wadda aka kira mai tsada ita ce mai sauƙi. Wannan ba ya nufin kowa ya sayi mai tsada, tun da wani ba shi da 18,000 ɗin a ranar. Abin nufi shi ne a san abin da ake saye, kuma a san wa za a saya wa. Yaron da zai fi ƙarfin rigarsa cikin wata shida mai araha ta ishe shi. Zanen da uwar gida za ta ɗaura shekara uku kuwa, a daure a nemi mai ƙwari.

Akwai hanyoyin gwaji da ba sa bukatar ilmi mai zurfi. A zare ɗan zare daga bakin yadi a kusantar da shi ga wuta. Auduga takan ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, da warin leda. Wannan gwaji yana da muhimmanci a ƙasa mai zafi irin tamu, domin yadin roba ba ya shan gumi, kuma haɗari ne ga mai girki kusa da murhu. A murza kusurwar yadi tsakanin yatsu. In ya saki nan da nan ya yi shara-shara, to sitati ne ya ba shi kaurin da aka gani. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikinsa, in ya ɗauki launi, mai zuba ne. A juya atamfa a dubi bayanta, domin wadda aka rina da kaki launinta kusan ɗaya ne ciki da waje. Sunan da aka buga a bakin atamfa da takardar da aka manna mata ba hujja ba ne su kaɗai, saboda su ma ana kwaikwayonsu. Sa'an nan a sa a auna a gaban ido. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta fi shi da inci 3 da ɗoriya, kuma faɗin yadi ya bambanta, don haka mai faɗi da ya ɗan fi tsada yana iya fin siriri sauƙi.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Kasuwar tufafi takan yi zafi daga Sha'aban zuwa ƙarshen azumi, da gabanin Babbar Salla, da lokacin komawa makaranta. Wanda ya saya bayan an watse daga hidima yakan sami ragi. Atamfar da yayinta ya wuce takan sauka, alhali ƙwarinta yana nan yadda yake. Ƙarshen bandir da guntaye sukan ishi kayan yara. Ma'aikatan ofis guda ko matan unguwa guda kuwa, in suka yi adashi suka sari bandir na yadin makaranta suka raba, sun ci ribar da ɗan tebur zai ci a kansu. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da suke sarin shinkafa da sukari lokacin azumi, ba abin da zai hana su yin haka da yadi.

Abin da ya rage wa hukuma

Duk wannan dabarar zaman gida ce, kuma tana da iyaka. Sauran aikin na hukuma ne, amma ba irin wanda aka saba yi ba. An gwada hana shigo da yadi, an ɗage, an maido, an sake ɗagewa, an hana dala, an rufe iyaka. Kowane karo mai fasa-ƙwauri ne ya ci riba, mai saye ya biya. Sake kafa hani alhali babu masaƙar da za ta cike gurbi zalunci ne ga talaka. Tun ran gini ran zane: a fara da auduga da wuta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irin auduga, kuma a 2018 an amince da irin da yake jure tsutsa, amma manomi ba zai shuka abin da ba shi da tabbacin mai saye ba. Tabbacin kuwa yana hannun gwamnati, domin ita ce take ɗinka wa soja da ɗan sanda da ma'aikacin asibiti da ɗan bautar ƙasa kaya. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye. A aiwatar da shi kan tufafi kaɗai, a riƙa bayyana wa jama'a masaƙar da ta saƙa kowane yadi da aka saya da kuɗinsu. Maƙwabciyarmu Benin, wadda ta tasharta ake shigo mana da kayan, ta zama cikin manyan masu noman auduga a Afirka, har ta kafa masaƙu a yankin masana'antu na Glo-Djigbé. Abin da ya yiwu a can bai gagari Funtuwa ba.

Na biyu, hukumar kula da ingancin kaya ta tilasta a rubuta a jikin kowane turmi da bandir abin da aka saƙa shi da shi, da tsawonsa, da ƙasar da ya fito. Bai kamata sai mace ta ƙona zare a tsakiyar kasuwa kafin ta san ko auduga ta saya ba.

Na uku, makarantu. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya yi alkawarin yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, amma kayan aikin da aka shigo da su da yawa sun yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da malamai. Cibiyoyin mata da aka buɗe zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na 1987, da yawansu sun koma kango. Keken ƙafa ba ya jiran wuta, malaminsa kuma yana kowace unguwa. Makaranta ta ajiye kekuna 10, ta ɗauki tela guda na gari ya riƙa zuwa sau biyu a mako, a koyar da maza da mata. Rabon kekuna a dandali lokacin siyasa ga waɗanda ba su iya zura zare ba, wanda yawanci a kasuwa yake kwana, ba ya maye gurbin wannan.

Ga 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, ɗinki ba sana'ar wanda ya kasa karatu ba ce. Malamai da almajiran ƙasar Hausa da ɗinkin hula da na riga suka riƙe kansu suna karatu, ba su ga ya rage musu daraja ba. Ga magidanta kuwa, a sayi keken, a ba iyali lokaci su koya, a yi haƙuri da karkataccen ɗinkin farko. Zai rage kuɗin tela, zai tsawaita ran tufafi, zai hana asarar ƙyalle. Amma ranar da za a ga sauƙin yadi na haƙiƙa ita ce ranar da atamfar da ke kan keken za ta zama an noma audugarta a Malumfashi, an saƙa ta a Kaduna, an biya kuɗinta da naira. Allah ya nuna mana.